Limfedima Da Hawan Jirgi: Abin Da Na Koya Da Na Raka Umma Umara

Shekara uku da suka wuce aka yi wa mahaifiyata tiyatar sankarar mama, aka kuma cire mata kaluluwar da ke hammatarta ta hagu. Ta warke, Alhamdu lillahi. Amma bayan kamar wata takwas sai zobenta ya ƙi shiga, hannun riga ya fara matse ta a gefe ɗaya. Likita ya ce limfedima ce, wato kumburin da ke zuwa idan ruwan jiki ya rasa hanyar komawa.

Da lokacin Umara ya matso, wata mata da suka haɗu a layin asibiti ta ce mata kada ta kuskura ta hau jirgi, wai hannun zai kumbura har ya tsage. Umma ta dawo gida jiki a sanyaye. Shekara huɗu tana zubin adashi saboda wannan tafiya, ga shi tana cewa gara ta fasa. Ni ba likita ba ne, aikina rubuta manhaja, kuma a intanet na koye shi. Abin da na iya shi ne bin matsala daki-daki har in ga inda ta fito, don haka na ce mata ta ba ni mako biyu.

Mece ce limfedima?

Bayan jijiyoyin jini, jikin mutum yana da wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo tsakanin tsoka da fata, su tace shi a cikin kaluluwa, su mayar da shi cikin jini. Jini yana da zuciya mai tura shi. Wannan ruwan kuwa ba shi da babban famfo irin nata, ya fi dogara da motsin tsoka da numfashi. Idan aka cire kaluluwa, ko gashin sankara ya lalata ta, sai ruwan ya taru kamar kwatar da aka toshe. Kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa maganin sankarar mama tana gamuwa da wannan kumburi.

A ƙasarmu akwai wata hanyar da ya fi zuwa ta ita, wato tundurmi, wanda wata tsutsa da sauro ke yaɗawa take haddasawa, kuma ya fi kama ƙafa. Sanadin ya bambanta, amma kulawar da gaɓar ke buƙata a tafiya kusan ɗaya ce. Ba a warkewa daga limfedima gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa ta, kuma ana iya yin hakan har a ci gaba da rayuwa lafiya lau.

Abin da ke faruwa a cikin jirgi

Jirgin fasinja yana tafiya ne a tsayin ƙafa 35,000 ko kusa da haka, inda iska ba ta isa mutum ya rayu. Shi ya sa ake cusa iska cikin jirgin. Sai dai ba a cika ta kamar ta ƙasa, ana barin ta daidai da ta wanda ke kan dutse mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Sababbin jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 suna tsayawa wajen 6,000, tsofaffi kuma sun fi kusa da 8,000.

Wannan abu ne da za ka iya gani da idonka. Wayoyi da yawa, kamar iPhone tun daga 6 da manyan Samsung Galaxy, suna da ma'aunin matsin iska a cikinsu. Na sauke manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi kuma kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba. A filin jirgin Malam Aminu Kano ta nuna mini kusan 960 hPa. Da muka daidaita a sama sai ta sauka zuwa wajen 790. Idan wayarka ba ta da ma'aunin, ka shanye robar ruwa kuna sama, ka rufe ta sosai. Da kun sauka za ka tarar ta lotsa.

Daga nan tsoron ya samo asali: idan matsin da ke danne fata daga waje ya ragu, ana ganin ruwa zai fi samun damar taruwa. A 1996 wani bincike da aka yi a Ostareliya ta hanyar raba wa masu limfedima takardun tambayoyi ya samu wasu da suka ce kumburinsu ya fara ne ko ya ƙaru bayan hawan jirgi. Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ta ginu a kan irin wannan. Amma a 2016 likitocin asibitin Massachusetts General da ke Amurka suka wallafa sakamakon bibiyar mata 632 da aka yi wa maganin sankarar mama, suna auna hannayensu da na'ura. Ba su ga alaƙa tsakanin hawan jirgi da ƙaruwar girman hannu ba. Abubuwan da suka ga suna da alaƙa sun haɗa da ƙiba, da cire kaluluwar hammata, da kamuwar fata da ƙwayoyin cuta.

Da na kai wa ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke duba Umma wannan bayani, sai ta ce haka ne, amma in lura da abu biyu. Wanda bai fara kumbura ba daban, wanda kumburin ya riga ya kama shi daban, kuma na biyun ya kamata ya sa safar matsi idan zai tashi. Sannan jirgi ba matsin iska kaɗai ba ne. Akwai zaman kusan awa biyar daga Kano zuwa Jidda ba motsi, ga jan akwati, ga busasshiyar iska, ga abinci mai gishiri, ga zafin da za a tarar a can. Duk waɗannan ana iya yi musu shiri.

Kuskuren da na yi da safar matsi

Safar matsi wata riga ce ta hannu ko ƙafa mai ƙarfin roba, wadda ta fi matsewa a ƙasa tana sassautawa zuwa sama, don ta riƙa tura ruwa zuwa gangar jiki. Ana auna ƙarfinta da mmHg. Akwai ta 20 zuwa 30, akwai ta 30 zuwa 40, kuma ma'aikacin lafiya ne ke zaɓar wadda ta dace. Sanannun masu yin ta sun haɗa da Jobst da Medi da Sigvaris da Juzo.

Ni kuwa da garajena na shiga intanet na sayo wata mai araha, na zaɓi matsakaiciya kamar mai sayen singileti. Umma ta sa ta da safe, kafin azahar bakinta na sama ya naɗe ya zama kamar igiya, ta ƙasa kuma ta tsaya a wuyan hannu ta tura ruwa cikin yatsu. Bayan hannunta ya tashi suntum. Ta kalle ni ta ce, “Kai da ka ce a ba ka mako biyu, wannan ne maganin?”

Da a cikin jirgi wannan ya faru, da ba mu da yadda za mu yi. Muka koma aka auna ta a wurare da dama daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, aka samo wadda ta yi mata daidai, tare da ƴar safar tafin hannu da ake haɗa ta da ita. Ta yi kwana goma tana sa su a gida kafin tafiya. Safar da ba ta yi daidai ba ta fi rashin safa illa, kuma robarta tana saki, don haka akan canja ta duk bayan kamar wata shida.

Tef ɗin tela da Google Sheets

Akwai na'urori masu tsada na auna kumburi, irin su SOZO ta kamfanin ImpediMed, wadda ke tura ɗan lantarki marar ciwo cikin jiki don gane yawan ruwa. Wannan ta asibiti ce. A gida tef ɗin tela ya isa, muddin za a riƙa aunawa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya.

Na sa alama a hannayenta biyu duk bayan santimita 4, daga wuyan hannu zuwa sama. Kowace safiya muka riƙa auna kewayen kowane wuri ina shigarwa a Google Sheets, wanda na saita ya yi aiki ko babu data. Idan aka ɗauki tsakanin kowace alama biyu kamar gutsuren mazurari, ana samun girmansa a mililita da wannan lissafi, idan ma'aunan suna A2 da A3:

=4*(A2^2+A2*A3+A3^2)/(12*PI())

Sai a tara duka, a kwatanta hagu da dama. Likitoci sukan ɗauki bambancin santimita 2 a wuri ɗaya, ko mililita 200, ko kashi 10 cikin 100, a matsayin alamar kumburi. Tun da nata ya riga ya tabbata, abin da muke nema shi ne lambarta ta yau da kullum, don mu gane idan ta motsa. Amfaninsa na farko ma a zuciya ne. Mai fargaba kullum gani yake hannun ya ƙaru, tef kuwa ba ya jin tsoro.

Ranar tafiya

Na yi rajistar shiga jirgi ta intanet da zarar an buɗe, na zaɓa mata kujerar bakin hanya wadda hannunta na hagu zai kasance ta ciki, inda keken abinci da masu wucewa ba za su buge shi ba. Ta sa safar tun daga gida. Ta cire zobe da awarwaro, agogon zamanin da na ara mata kuma muka ɗaura shi a dama. Duk abin da zai zagaye hannun mai kumburi ya matse shi, har da abin hannu na shaidar matafiya, a mayar da shi ɗaya hannun. Jakarta ni na ɗauka.

Na saita agogon ya riƙa girgiza duk minti 30. Ƙararrawar waya ma tana yin wannan aiki ko an sa ta a yanayin jirgi. Idan ya girgiza sai ta dunƙule hannu ta buɗe sau goma, ta juya wuyan hannu da kafaɗa, ta ɗaga hannun sama, ta ja dogon numfashi. Duk bayan awa ɗaya ta tashi ta taka, idan fitilar ɗamara a kashe take. Mai kumburin ƙafa sai ya riƙa ɗaga diddige da yatsu, kuma kada ya cusa jaka a gabansa ya hana kansa miƙewa. Ta sha ruwa sosai, duk da ta so ta ƙi saboda gudun zuwa bayi. Rage shan ruwa ba ya rage wannan kumburi, haka ma ƙwayar sa fitsari ba maganinsa ba ce. Da muka sauka ba ta cire safar ba sai da muka isa masauki ta huta.

Wani abu da ya kamata a warware tun a gida shi ne hukuncin ihrami, domin an hana mace mai ihrami sa safar hannu, namiji kuma an hana shi ɗinkakkun kaya. Mun kai wa malami maganar da bayanin likita, ya faɗa mana abin da shari'a ta tanada ga mai lalura. Kowa ya tambayi nasa kafin ya isa miƙati.

Masu tafiya da famfon matsi

Wasu suna amfani da injin da ke hura iska cikin wata riga yana matsa gaɓar bi da bi, kamar Flexitouch ko Lympha Press. Idan da hali a riƙe shi a jakar hannu, tare da wasiƙar likita, kuma a sanar da kamfanin jirgi tun da wuri. A duba rubutun jikin cajarsa. Idan an rubuta 100 zuwa 240V zai yi aiki ko'ina. Idan na Amurka ne mai 120V kaɗai, wutar Saudiyya mai 230V za ta ƙona shi.

Batirin lithium na ajiya da fawabank ba sa shiga akwatin da ake aunawa, sai jakar hannu. Har zuwa 100Wh ba a buƙatar izini, daga 100 zuwa 160 sai kamfani ya amince. Lissafin ba wuya: a ninka mAh da 3.7 a raba da 1,000. Fawabank mai 20,000mAh ya kama 74Wh ke nan.

Alamomin da ba a jira da su

Babban haɗari ga mai limfedima shi ne ƙwayar cuta ta shiga ta ɗan ƙaramin rauni, cizon sauro ko tsagewar fata ko kaushi. Shi ya sa muka tafi da man shafawa, da maganin wanke rauni, da filasta. Wasu likitoci sukan rubuta wa wanda ya taɓa kamuwa maganin ƙwayoyin cuta ya tafi da shi, sai a tambaya. Idan wurin ya yi zafi, ya yi ja ko ya ƙara duhu, yana ciwo, ga zazzaɓi ko rawar sanyi, a cire safar a nufi asibiti a ranar. Haka idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo a sha raɓa, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, domin yana iya zama daskarewar jini ce, kuma masu tarihin sankara sun fi fuskantar ta.

Washegarin isarmu Makka na auna hannun Umma, ya ƙaru da ƙasa da santimita ɗaya a ƙasan gwiwar hannu. Ta kwana da shi a kan matashi biyu, kwana biyu bayan haka ya koma lambarsa. Ranar da ya fi tashi ma ba ta jirgi ba ce, ranar da ta fita da tsakar rana ce ta dawo da ledar dabino a hannun hagu. Daga nan muka mayar da ɗawafinta bayan isha'i.

Mun dawo Kano lafiya. Har yanzu tef ɗin yana cikin jakarta, kuma duk Juma'a da safe takan kira ni ta karanto mini lambobi in shigar. Ta sake shiga wani adashin, wannan karon na Hajji.