In kare ya haɗiye roba, kada a jira sai gobe

A Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, kowa ya san yadda leda ke kashe awaki. Karen gida ma bai tsira ba: tayar motar wasan yara, ƙwallon roba ko totuwar masara kan tsaya masa a hanji, su toshe shi.

Alamomin su ne yawan amai, ƙin abinci, kasala, da kuka in an taɓa cikinsa. In aka yi jinkiri, hanjin kan ruɓe ya fashe.

Kada a ɗura masa mai ko ruwan gishiri, kada a ja zaren da ya leƙo ta dubura. A kai shi wajen likitan dabbobi a ranar, don wani lokaci sai an yi masa aiki.