Bushiya a Lambu: Yadda Za Ka Kula da Ita Lokacin Hunturu

Manoma da yawa kan kashe bushiya da zarar sun gan ta a lambu, alhali kuwa ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada. Da dare take fitowa ta cinye fara, gara, tsutsotsi da dodon koɗi masu yi wa kabeji, latas da tumatir ɓarna.

A Ingila, bushiya kan shiga dogon barci daga Nuwamba zuwa Maris, don haka masu lambu kan ciyar da ita ta yi ƙiba kafin sanyi ya tsananta. Duk da haka yawanta ya ragu, har a 2020 aka sanya ta cikin dabbobin ƙasar da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A nan gida kuwa, matsalarta fari ce: da hunturu ƙasa kan bushe, ƙwari su yi ƙaranci.

Abin da ya kamata ka yi:

1. Ajiye ruwa a kasko marar zurfi kowace yamma.
2. Ba ta dafaffen ƙwai ko guntun nama marar gishiri. Kada ka ba ta madara, domin tana sa ta gudawa.
3. Bar tarin busasshen ganye ko karan dawa a gefen shinge ya zama mafakarta.
4. Duba tarin yayi kafin ka cinna wuta, kuma ka guji ƙona daji.
5. Kada ka wuce ƙa'ida wajen feshin maganin ƙwari.

Malamin gona, ka tunatar da manoma cewa kowace bushiya da ta tsira tana rage musu kuɗin feshi.