Sana'ar Daidaita Haƙoran Manya

A da, idan aka ga waya a baki, bakin ɗan shekara goma sha biyu ne ko sha huɗu, wanda iyayensa masu hali suka kai asibiti. Yanzu kujerar likitan daidaita haƙora ta cika da manya: ma'aikaciyar banki, malamin jami'a, magidanci ɗan shekara arba'in da ya daɗe yana rufe baki da hannu in zai yi dariya. Wasu kyau suke nema. Wasu kuwa tauna ce ta gagara, ko haƙoran sun hau juna har buroshi da asuwaki ba sa isa tsakaninsu, dasashi yana ta jini.

Abin da sana'ar ta dogara a kansa shi ne haƙori ba a kafe yake ƙyam cikin ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn tantani mai jijiyoyi da ke riƙe da shi. Idan aka danna haƙori da ɗan ƙarfi kaɗan, ba tare da sassautawa ba dare da rana, sai jiki ya fara cinye ƙashin da ke gefen da ake turawa, yana gina sabo a gefen da aka baro. Da haka haƙori yake tafiya, kimanin milimita ɗaya a wata. In likita ya yi gaggawa ya ƙara ƙarfi, jini ya daina isa wurin, tafiyar ta tsaya, saiwar ma tana iya zaizayewa. Saboda haka gwani a wannan aiki ana gane shi ne ta wajen sanin inda zai tsaya, ba ta ƙarfin hannu ba. Kuma wannan cinyewa da ginawa ba ta ƙarewa da ƙuruciya, shi ya sa ɗan shekara hamsin ma haƙorinsa ke motsawa. Bambancinsa da yaro shi ne muƙamuƙinsa ya gama girma. Yaro ana iya karkata girman ƙashin nasa. Babba kuwa in haɓarsa ce ta yi gaba da yawa ko ta yi baya, waya kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da tiyata.

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa waya. Bakin babba yana zuwa da tarihinsa: ciko a nan, giɓi a can, turmin da aka cire shekarun baya har maƙwabtansa suka kwanto cikin gurbin, wani lokaci har da haƙorin Makka. Dole a fara wanke baki, a cike rami, a warkar da dasashi, domin tura haƙori a cikin ƙashin da ciwo ya riga ya ci neman faɗuwarsa ne. Daga nan sai hoton ƙashi, ɗaya mai nuna duk haƙora da saiwoyinsu, ɗaya na kai daga gefe, wanda likita zai auna kusurwoyinsa. Sai ɗaukar siffar baki. Ana dama wani gari da ake samu daga ciyawar teku, a zuba a ɗan faranti mai zagayen baki, a danna a kan haƙora na 'yan mintuna har ya daskare. Wannan siffa ita ake miƙa wa mai ƙera kayan haƙori, mutumin da majiyyaci ba ya cika gani, yana can ɗakin baya cikin farar ƙura. Shi zai zuba filasta, ya jijjiga ta don kumfa ta fita, ya fito da bakin mutum sak a kan tebur. Kumfa ɗaya a kan tsinin haƙori tana iya ɓata duk abin da za a ƙera a kai. Da yawa daga cikin masu wannan aiki a Najeriya sun yi karatu a makarantar tarayya ta ƙere-ƙeren haƙori da ke Inugu. A manyan asibitoci masu zaman kansu yanzu wata 'yar kyamara ce ake zagayawa da ita cikin baki, siffar ta fito a kwamfuta, ba gari ba filasta.

Harshen da likitoci ke bayyana matsalar da shi na wani Ba'amurke ne, Edward Angle, wanda a 1899 ya kasa rashin haɗuwar haƙora gida uku bisa yadda turmin sama ke zama a kan na ƙasa. Har yau da wannan kason ake rubuta takardar majiyyaci, a Kano ko a Landan. Amma babbar shawara ita ce ta wuri: haƙoran da suka cunkushe ina za a sa su? Ko a faɗaɗa jerin, ko a cire lafiyayyun haƙora biyu ko huɗu daga waɗanda ke bayan fiƙa, ko a ɗan goge gefen wasu, abin da bai kai rabin milimita ba. Nan ne ake shan mahawara, don ba kowa ne zai yarda a cire masa haƙorin da ba ya ciwo ba. Likita nagari a ƙasar Hausa kuma yana tambaya kafin ya rufe wushirya. Littattafan da ya karanta sun lissafa ta cikin abubuwan da ake gyarawa, alhali a wurinmu ado ce, kuma akwai wadda za ta ce masa, "Likita, gyara min na ƙasan nan, amma wannan ka bar min abata." Wasu kuma sai sun tambayi malami tukuna, malamai da yawa suna bambanta gyaran aibi ko cuta da sassaƙe haƙori don kwalliya kawai.

Ranar sa waya, ana shafa wa fuskar kowane haƙori wani ruwa mai ɗan ci, na daƙiƙoƙi kaɗan, don ta yi kaushi, a wanke, a busar, sannan a manna ɗan maɓallin ƙarfe da gam, a haska masa shuɗiyar fitila ya kame. Kowane maɓalli yana da tsagar da waya za ta bi, kuma kowane haƙori da nasa maɓallin da tsayin da za a sa shi. In ya kauce kaɗan, haƙorin zai tafi inda aka kauce, sai bayan watanni a gane. Yawu abokin gaba ne a nan, ɗigo ɗaya ya hana gam kamawa, shi ya sa mataimakiyar likita ba ta ajiye bututun tsotsa. Wayar farko siririya ce, haɗin nikel da taitaniyam, ƙarfen da aka gano a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, wanda George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da shi aikin haƙori a farkon shekarun 1970. Halinsa shi ne duk yadda aka lanƙwasa shi yana ƙoƙarin komawa siffarsa ta asali, yana jan haƙoran a hankali. Bayan kowane mako huɗu zuwa takwas majiyyaci ya dawo, a sauya 'yan robobin da ke riƙe waya a maɓallai, a ƙara kaurin waya har a kai ta baƙin ƙarfe mai tauri. Shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ke nan ga yawancin mutane, wasu fiye. Kwanakin farko baki yana tsami, leɓe yana gurjewa, kuma an yi sallama da rake, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara da goro. Kilishi ma sai an yayyaga shi ƙanana.

Ban da waya, akwai robar da ake kifawa a kan haƙora, wadda ba ta cika ganuwa ba, manya kuma sun fi son ta. Tunaninta tsoho ne: tun 1945 Harold Kesling ya nuna ana iya motsa haƙori da abin da aka ƙera a kan siffar da aka gyara. Kamfanin Align Technology, wanda Zia Chishti da Kelsey Wirth suka kafa a 1997, shi ya haɗa tunanin da kwamfuta ya fito da Invisalign. Ana tsara tafiyar haƙora mataki-mataki a allo, a buga siffar kowane mataki da inji, a gasa fallen roba ya yi laushi, a matse shi a kai, a yanke gefe, a goge. Kowace roba tana matsar da haƙori kimanin rubu'in milimita, ana sa ta mako ɗaya ko biyu a ɗauki ta gaba. A kan wasu haƙoran ana manna 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori don robar ta sami abin kamawa.

Talla tana nuna kamar roba ta fi waya ta kowace fuska. A ganina ba haka ba ne. Tana da kyau ga cunkoso mai sauƙi da matsakaici, tana da sauƙin wanke baki, amma juya haƙori mai zagaye ko rufe babban giɓi har yanzu waya ta fi iyawa. Sannan roba tana mayar da rabin aikin hannun majiyyaci: awa 20 zuwa 22 a rana tana baki, ba a ci da ita, ba a shan komai sai ruwa. Mai kurɓar shayi sau biyar a wuni, ko mai yawan zuwa biki, zai tarar da ita ta fi zama a aljihu. Waya kuwa ba ta tambayar ra'ayinka.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma akwai dalili. Maɓalli, waya, gam, garin ɗaukar siffa, kusan duk daga waje ake shigo da su, da dala, don haka tun da naira ta faɗi a 2023 farashi ya bi ta. Ga man janareta, domin kujera, injin tsotsa da tukunyar dafa kayan aiki ba sa jiran wuta ta dawo. Ga haya da albashi. A asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano ana samun sauƙi, sai dai layi. A masu zaman kansu na Abuja da Legas ana maganar miliyoyi, roba kuma ta fi waya tsada. Yawanci ana ba da kafin alƙalami mai kauri, sauran a biya kashi-kashi. Daga waje sai a ga riba ce tsagwaronta, amma kuɗi ɗaya ne aka yi ciniki a kansa, likita zai ci gaba da hidima a kai shekara biyu, kayan aiki suna tashi. Maɓalli ya ɓalle a daren biki, a manna wani. Majiyyaci ya sami canjin wurin aiki, ko kuɗi ya yanke masa, ya ɓace wata takwas da waya a baki, ya dawo da fararen tabo a haƙora. Ga ciwon wuya da baya na mai wuni a sunkuye. Kafin likita ya kai ga wannan kujera ya yi shekara shida a jami'a, shekarar sanin makamar aiki, hidimar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar ko fiye na ƙwarewa da jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa, sun fi taruwa a manyan birane, wasu kuma sun tafi Ingila da Saudiyya.

Tsada da ƙaranci sun buɗe wa 'yan kama-wuri-zauna ƙofa. Akwai masu manna wa 'yan mata wayar ado a shagon kwalliya, ba hoto ba awo, alhali wayar ba ta san don ado aka sa ta ba, turawa take yi. A Amurka ma kamfanin SmileDirectClub, mai aika wa mutane roba ta gidan waya ba tare da sun zauna gaban likita ba, ya sha ƙorafi, ya kuma rufe a Disambar 2023, ya bar abokan cinikinsa a tsakiyar aiki.

Ranar cire waya ba ita ce ƙarshen ciniki ba. Jijiyoyin da ke riƙe da haƙori suna jan sa ya koma tsohon mazauninsa, haƙoran gaba na ƙasa kuma suna ƙara matsuwa da shekaru ko da ba a taɓa gyara su ba. Don haka aiki ya sake komawa hannun mai ƙira a ɗakin baya: ya ɗauki sabuwar siffa ya yi mariƙi, ko na roba, ko na waya da ɗan faranti, ko likita ya manna siririyar waya a bayan haƙoran gaba inda ba a gani. Da farko ana sa shi kusan kullum, daga baya da dare kawai, kuma yawancin likitoci yanzu suna cewa a ci gaba muddin ana son jerin ya tsaya. Cikin manyan da ke zuwa a yau, da dama tsofaffin majiyyata ne da aka gyara wa baki suna yara, suka yar da mariƙin, suka dawo biya karo na biyu.