Naman Daji, Kasuwa Da Doka: Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Sani

 

Kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, an kakkaɓe riɗi. Yanzu ne samari ke ɗaukar gora da karnuka su shiga daji, yara kuma suna haƙar ramin gafiya. A taronmu na watan jiya wani dattijo ya tambaye ni, ya ce, "Malam, ina ruwan gwamnati da naman da na kama a bayan gonata? Ko ita ta ba shi dusa?" Jama'a suka yi dariya. Amma tambayar tana da nauyi, shi ya sa na ga ya kamata in amsa ta a nan, kowa ya ji.

YADDA CUTA KE ƘETAROWA

Akwai cututtukan da ke zaune a jikin dabba, ita dabbar tana yawonta lafiya lau, amma in suka shiga jikin mutum sai su kwantar da shi. Ƙofar da suke bi ita ce jini, da fitsari, da kashi, da yawun dabbar. Watau hatsarin ya fi yawa lokacin kamu, da fiɗa, da ɗauka zuwa kasuwa, tun nama bai ga wuta ba.

Misali na fari shi ne zazzaɓin Lassa. An fara gane shi a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Wata nas ta asibitin mishan, Laura Wine, ta kamu, aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta rasu. A 1970 cutar ta kashe likitar asibitin Jos, Dokta Jeanette Troup. Daga baya aka gano mai ɗauke da ita wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ke zama a daji da gida duka. Yana fitsari a kan hatsi da abincin da aka bari a buɗe. Cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ake ƙona daji, ɓeraye su gudo cikin gari.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, watau murar tsuntsaye. Asalin mazauninta jikin tsuntsayen ruwa ne, irin agwagin daji. Mun kuwa san yadda tsuntsaye ke zuwa fadamun Haɗeja da Nguru da Baturiya kowace hunturu, waɗansu tun daga Turai. A watan Fabrairu 2006 aka tabbatar da mugun nau'inta a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna, karo na fari ke nan a Afirka. Kafin watan ya ƙare ta bayyana a Magarya ta ƙasar Nijar, maƙwabtanmu na arewa. Aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, a farkon 2007 kuma wata mace ta mutu da ita a Ikko. Ta sake dawowa a 2015 da 2021.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokoki uku ne suka shafi wannan magana.

Ta fari ita ce Dokar Namun Daji ta 1963, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa, jihohi suka gada. Ta kasa namun daji kashi uku bisa ga irin tsaron da aka ba su, ta ce waɗansu ba a taɓa su, waɗansu sai da lasin. Ta kuma hana farauta da guba ko da cinna wa daji wuta.

Ta biyu ita ce Doka ta 11 ta 1985. Tushenta yarjejeniyar CITES ce, wadda ƙasashe suka ƙulla a Washington a 1973 don taƙaita cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa. Dokar tana da jeri biyu: na fari an hana kamu da ciniki ɗungum, na biyu sai da izni a rubuce. A cikinsu akwai zaki, da damisa, da kada, da mesa, da aku, da jimina, da gauraka. Tarar farko Naira 1,000 ce, kuɗin da a yau bai sayen zakara, shi ya sa aka ɗaga ta ƙwarai a gyaran 2016. A 2025 kuma Majalisar Wakilai da ta Dattawa suka amince da sabon ƙuduri mai hukunci mafi tsanani.

Ta uku ita ce Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022. Ita ce ta ba likitocin dabbobi ikon duba dabba a kan iyaka, da tsare ta, da hana ta tafiya. Ta kuma wajabta wa mai dabba ya kai rahoto in ya ga alamar annoba.

INDA GIƁIN YAKE

To, ku lura. Dokoki biyu na fari an rubuta su ne don kada naman daji ya ƙare. Ta uku kuwa hankalinta ya fi karkata ga shanu da awaki da kaji. A tsakaninsu akwai giɓi: gefen kasuwa, inda ake ajiye agwagwar daji mai rai a keji ɗaya da kajin gida, ko a feɗe gafiya a kan katakon da za a yanka naman akuya.

Dubi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dabbobi na shigowa daga Nijar, kafin kwana biyu manyan motoci sun kai su kudu. Kaza guda da ta kwana kusa da tsuntsun daji mai cuta tana iya komawa ƙauye a Sule Tankarkar ko Gumel ta kashe kajin unguwa duka. Kasuwa kamar rijiya ce, kowa da gugansa. In ƙazamin guga ɗaya ya shiga, kowa ya sha.

Ƙasar Sin ta ɗanɗana wannan. A 2002 cutar SARS ta ɓulla a kudancin ƙasar, aka sami ƙwayarta a jikin wata dabba dangin tunkun juda da ake sayarwa da rai a kasuwa. Mutum wajen 8,000 suka kamu, kusan 800 suka mutu. A ƙarshen 2019 da yawa daga cikin waɗanda suka fara kamuwa da korona suna da alaƙa da wata kasuwa a birnin Wuhan inda ake sayar da namun daji masu rai. Ran 24 ga Fabrairu 2020 majalisar ƙasar ta hana cinikin namun daji don ci. Sai dai an yi shingen ne bayan akuya ta gama ɓarna.

MAGANAR UNGULU

Manyanmu za su tuna, da can ba mahautar da ba ungulu. Yau fa? Masu kamu sun kwashe su, ana sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu. Doka ta kare ungulu, kuma amfanin namu ne. Ita ce ke cinye mushe tun bai ruɓe ba, cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. A Indiya, da ungulu suka mutu daga wajen 1990 saboda wani maganin shanu, mushe ya koma hannun karnuka, karnuka suka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Mu ma muna da abin tsoro a mushe: a watan Yuli 2023 an tabbatar da ciwon saifa a wata gona a Suleja.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Ma'aikatan gandun daji da na dabbobi ba su isa su tsaya a kowace kasuwa ba. Saboda haka kowace ƙungiya ta tattauna waɗannan a taronta na gaba:

1. Kada a ci ko a sayar da abin da aka tsinta matacce, ko ya yi ƙiba. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi.

2. Kada a haɗa tsuntsun daji da kajin gida. Kazar da aka sayo, ko wadda ta dawo daga kasuwa ba a saye ta ba, a keɓe ta mako biyu.

3. In kaji suka fara mutuwa da yawa, kada a ruga da sauran kasuwa. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

4. A hana yara kama ɓera da hannu. A toshe ramuka a gindin rumbu, a rufe abinci, a daina shanya a ƙasa.

5. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa. Bayan fiɗa a wanke hannu da wuƙa da sabulu, a dafa nama ya nuna sarai.

6. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana uku, a tafi asibiti, a kuma faɗa wa likita in an taɓa ɓera ko naman daji. Maganin Lassa ya fi aiki in an fara da wuri.

Baba mai tambaya, amsarka ke nan. Gwamnati ba ta ba naman dajin nan dusa ba, gaskiyarka. Amma abin da ke jikinsa yana iya bin hannunka ya shiga gida, ya bi jikanka zuwa makaranta, ya bi kazarka zuwa Maigatari. A nan ne ruwan kowa ya shigo.

A fitowa ta gaba za mu yi magana kan gyaran rumbu don maganin ɓera. Allah ya ba mu rani lafiya.