"Ya yi kyau" ba ta gyara gem: Abin da mai haɗa wasan waya a Diffa ke buƙatar ji

A watan Mayun 2009 wani ɗan ƙasar Sweden, Markus Persson, ya saki Minecraft tun bai kammala shi ba. Masu bugawa suka riƙa faɗa masa inda wasan ke tsayawa da abin da ya gundure su, shi kuma yana gyarawa. Sai a Nuwamban 2011 cikakken wasan ya fito. A 2014 Microsoft ya sayi kamfaninsa a kan dala biliyan 2.5.

A Nijar ma an fara taɓawa. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni ya haɗa Les Héros du Sahel, wasan da jarumin cikinsa ke samun ƙarfi daga rana. Manhajoji irin su Godot kyauta ne, saboda haka ɗalibi a Jami'ar Diffa da ke da kwamfuta da haƙuri zai iya haɗa ɗan wasansa a ɗaki.

Wahalar tana zuwa ne ranar da ya miƙa wa abokai wayar. Kara da kunya ba sa barin mutum ya kushe aikin da ɗan'uwansa ya kwashe wata uku yana yi. Za a ce "Masha Allah, ya yi kyau," a mayar masa da wayar. Ya tafi yana murna, alhali babu wanda ya wuce matakin farko, kuma babu wanda ya gaya masa.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi yarda da ido a kan baki. Ka ba mutum wasan, ka ja bakinka ka yi shiru. Kada ka nuna masa inda zai danna. Idan ya yi ta lalube yana neman maɓallin farawa, laifin maɓallin ne. Idan ya ajiye wayar bayan minti biyu ya koma WhatsApp, ka samu amsarka. Mai wasan ya buga matakin nan sau ɗari, hannunsa ya haddace, ba zai taɓa ganin wuyarsa ba.

Diffa tana da nata ƙarin gwajin. Wasan da ke gudu sumul a kwamfutar mai shi yana iya maƙalewa a ƙaramar Itel ko Tecno da ta cika da hotuna, irin wadda mai noman tattasai a bakin Komadugu ke riƙewa. Idan ya yi nauyi, ba mai ƙona data a kansa, sai dai a tura ta Xender. Ga kuma harshe: umarnin da aka rubuta da Faransanci kaɗai, wani mai jin Barbarci ko Fulatanci zai tsallake shi ne kawai. Wanda ke Yamai ko Faransa da babbar waya ba zai hango ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mai ba da shawara shi ma da aikinsa. "Bai yi ba" daidai take da "ya yi kyau", duk ba su nuna inda za a sa hannu. Abin da ke da amfani shi ne a ce: a waya kaza, a mataki na biyu, na danna tsalle sau uku bai tashi ba. 'Yan Diffa da ke waje, waɗanda ake yawan tura wa irin waɗannan wasanni, za su iya ɗaukar bidiyon fuskar wayarsu suna bugawa su aika gida, har da wurin da suka gaji suka fita.