Bakod: Lambar da Ke Shigar da Kaya Manyan Kantuna

A kasuwar Gwarzo ko ta Getso, mai man gyaɗa ba ta buƙatar wata takarda. A duba, a taya, a sallama. Amma ranar da ta ɗura man a roba, ta liƙa masa suna, ta nufi manyan kantunan birnin Kano inda na'ura ke lissafin kuɗi, akwai tambayoyi biyu da ke jiran ta: ina lambar NAFDAC, ina kuma bakod? Nan ne tafiyar masu ƙuli-ƙuli da yaji da zuma da garin kunu da yawa ke tsayawa, alhali kayansu ba su da aibu.

Bakod shi ne zanen layukan nan baƙaƙe da farare da ke bayan kwalin madara ko sabulu, da lambobi a ƙarƙashinsa. An fara amfani da shi a kanti ranar 26 ga Yuni, 1974, a garin Troy na jihar Ohayo a Amurka, a kan ƙunshin cingam. Yau ƙungiyar GS1, mai hedikwata a Burasel ta ƙasar Beljiyam, ita ke raba lambobin a duniya, kuma tana da reshe a Legas mai suna GS1 Nigeria.

Bakod ɗin da aka fi gani yana da lambobi 13. Ukun farko na nuna reshen da ya bayar da lambar: 615 na Nijeriya ne, 603 na Gana. Na gaba su ne na kamfani, sai na kayan, sannan ta ƙarshe wadda ake samu ta hanyar lissafa sauran 12, domin na'ura ta gane idan ta yi kuskuren karatu. Babu farashi a cikin zanen. Na'ura lamba kawai take karantawa, kwamfutar kanti ce ke fito da suna da kuɗi.

Ya kamata mai saye ya san abu biyu. Lambar 615 ba ta nufin a Nijeriya aka yi kayan, tana nufin a nan kamfanin ya yi rajista. Haka kuma bakod ba shaidar inganci ba ne. Tantance abinci da magani aikin NAFDAC ne, kuma ɗan jabu na iya kwafar zanen wani ya buga.

Ga mai sana'a, hanyar a jere take. A fara da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Idan abin ci ne ko na shafawa, a nemi lambar NAFDAC. Daga nan a nemi shiga GS1 Nigeria, a biya kuɗin rajista da na sabuntawa duk shekara, a karɓi lambar kamfani. Kowane kaya da kowane girma da tasa lambar: man gyaɗa lita ɗaya daban, rabin lita daban. Wajen bugawa, layuka masu duhu a kan farin fili suka fi, a bar sarari hagu da dama, kuma a guji jan launi, domin na'urori masu jan haske ba sa ganin sa.

Babban tarkon shi ne araha. Akwai masu sayar da lambobi a intanet, akwai kuma masu ɗab'in da za su zana maka layuka don takarda ta yi kyau. Irin wannan lamba ko dai da sunan wani kamfani take, ko ta ci karo da ta wani kaya, ranar da aka gano kuma a dawo maka da kayanka, kuɗin takardun da ka buga su bi ruwa. Araha ba ta ado.

Gaskiya ne kuɗin na iya yi wa mace ɗaya a Garo ko Kabo nauyi. Mafita ita ce haɗin kai: masu sana'a iri ɗaya su yi rajistar ƙungiyar gama-kai, su fitar da kayansu da suna ɗaya, su raba kuɗin a tsakaninsu.

Muna kira ga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da hukumar SMEDAN su sanya wannan darasi cikin horon da ake ba mata da matasa. Wanda aka koya wa sarrafa gyaɗa, a koya masa yadda zai kai ta kanti da lambar da ke ɗauke da sunansa.