Sankarar Muƙamuƙi: Abin da Binciken Farfesa Victor Ngu Ya Koyar

Garin Argungu ya yi suna saboda ruwa. Gulbin Rima da fadamunsa suna ba Kabawa kifi da shinkafa, amma ruwan da ke kwance a fadama shi ne makwancin sauro. Kowa ya san sauro na kawo zazzaɓi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, zazzaɓin cizon sauro yana da hannu a wata sankara mai kama yara, wadda ke cikin dangin sankarar jini.

Ana kiranta sankarar Burkitt, da sunan Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya bayyana ta a Uganda a 1958. Takan kama ƙananan yara, maza fiye da mata. Sau da yawa kumburi ne ke tasowa a muƙamuƙi, haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo. Wani lokaci kuma ciki ne ke kumbura. Burkitt ya bi sawunta, ya tarar ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da damshi, wato inda zazzaɓin sauro ya yi kaka-gida.

A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos cikin wannan ƙari, ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Bairos ɗin yana shiga wasu fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, ya sa su yi ta hayayyafa. Zazzaɓi mai yawan dawowa yana ƙara ingiza su, yana kuma raunana garkuwar da za ta tsawata musu. Cikin wannan gaggawa sai wani yanki na zaren gado na 8 ya ɓalle ya manne da na 14, ƙwayar ta kasa daina rabuwa.

Gane cuta daban, maganinta daban. A nan ne Victor Anomah Ngu ya shigo. Ɗan Kamaru ne, an haife shi a 1926, ya kuma zama farfesan fiɗa a Jami'ar Ibadan. A wancan zamani wuƙa da hasken ƙona ƙari su ne makaman yaƙi da sankara, amma wannan takan bazu cikin jiki, wuƙa ba ta cim mata. Ngu ya jarraba magani mai bin jini, musamman cyclophosphamide, ya ga kumburi yana sacewa cikin 'yan kwanaki, wasu yaran kuma suka warke sarai. Sakamakonsa, tare da na likitocin Kampala da Nairobi, ya tabbatar wa duniya cewa magani kaɗai na iya kawar da sankara. Saboda haka a 1972 ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar Lasker ta Amurka, tare da Burkitt. Ya rasu a 2011.

Bincike na baya ya nuna cutar kan laɓe a ƙwaƙwalwa da laka, inda maganin da ke bin jini ba ya isa sosai. Shi ya sa ake ƙara allurar methotrexate cikin ruwan laka. A ƙasashe masu arziki, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. A Afirka adadin ya yi ƙasa ƙwarai, saboda jinkirin zuwa asibiti, da tsadar magani, da katse shi a tsakiya.

Jinkirin nan shi ne babban haɗari, domin ƙarin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kwanakin da aka ɓata ana shafe-shafe, ana zaton hangum ne ko ciwon haƙori, ba su dawowa. Malami yana ganin fuskar ɗalibinsa kullum, don haka yana iya riga kowa lura. Kumburin muƙamuƙi mai girma da sauri, ko da ba ya zafi, ya cancanci a kai yaro asibiti nan take, a kuma nemi a tura shi Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Gidan sauro kuwa yana rage zazzaɓin da ke share wa cutar hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.